Sarauniya mai madubi da mutanen gidanmu

Duk telan da ya ce maka yana ganin ƙaramar sallah, bai faɗa maka gaskiya ba. Mu sai ran uku ga sallah muke farkawa. Bana ma har aka kira assalatu ranar idi ina kan keke, ina yi wa wandon wani yaro kalmasa, ubansa na zaune a kan benci tun tsakar dare yana gyangyaɗi, ya rantse ƙafarsa ƙafar wandon. Daga filin idi gado na zarce. To a daren na uku ne, bayan isha'i, ƙanina da ke karatu a jami'a ya shigo da filas a aljihu, ya ce ya zo wa yara da fim na tatsuniya, na iyali, wanda babu inda za a ce a rufe ido. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Mu takwas ne a falon: ni, maiɗakina, yaranmu huɗu, ƙanin nawa, sai Hajiya mahaifiyarmu da ta zo mana sallah daga ƙauye. Ita ba ta ce za ta yi kallo ba. Tabarmarta ta jawo bakin ƙofa, carbi a hannu, ta ba talabijin ɗin gefe, wai iska take sha. Ni ma niyyata in yi minti goma in sulale.

Sunan fim ɗin Mirror Mirror, wato madubi sau biyu. Na Amurka ne, ya fito a watan Maris na 2012. Labarin tsoho ne, na yarinyar nan da Turawa ke kira Snow White, wadda kishiyar uwarta ta tsana saboda madubi ya ce ta fi ta kyau. Wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, 'yan gidan Grimm, su suka fara buga shi a littafi a 1812, kamfanin Disney kuma ya yi shi da zane a 1937. Wannan da muka kalla da mutane aka yi shi, kuma an juya shi ya koma na barkwanci. Julia Roberts ce sarauniyar, Lily Collins ce yarinyar. Amma a gidanmu ba wanda ya kira su da waɗannan sunaye. Kun san halinmu, mu da muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi tun zamanin silima. Yarinyar na fitowa Hajiya, wadda ba kallo take yi ba, ta ce, "Ikon Allah, wannan gira kamar an shafa da gawayi." Shi ke nan ta zama Mai Gira. Sarauniyar kuwa, da ta yi murmushin farko, babban ɗana ya ce Mai Baki.

Bari in fara da nawa laifin. Rabin farko na fim ɗin ban san me ake ciki ba, ɗinki nake kallo. Shekarata ashirin da 'yan kai ina riƙe da almakashi, ban taɓa ganin an wahalar da yadi irin haka ba. Akwai wata jar riga da sarauniyar ta saka ranar liyafa, an yi mata aikin gashin ɗawisu da farin zare, sannan aka ɗaga wani abu a bayan wuyanta ya tsaya ƙiƙam kamar jelar ɗawisun in ya buɗe ta. Na sa aka tsayar, na matsa kusa da gilashi. Yara na ta "Abba, don Allah!" ni kuwa ina neman inda aka ɓoye haɗin. Tsayar da yadi a sama haka ba aikin sitati ba ne, sai an yi masa ƙashi a ciki, kuma sai ka auna nauyin ta yadda ba zai rinjayi mai sanye da shi ta baya ba. Rigar bikinta fara kuwa, ido ba mudu ba ya san kima, ni dai a awona ba za ta kasa yadi talatin ba, an yayyanka shi sala-sala kamar ganye an jera ɗaya kan ɗaya. Wanda ya taɓa zama ya yi wa malum-malum aikin hannu ya san abin da ake nufi da wata uku a kan riga ɗaya. Ita Mai Gira aka ɗora mata farin tsuntsu mai dogon wuya a ka, da fukafukai a baya. Yarima aka ba shi doguwar hula mai kunnuwan zomo. Akwai ma inda sarauniyar ke wasan dara irin na Turawa, amma 'ya'yan darar fadawanta ne, kowa da jirgin ruwa a kansa.

Ƙanina ya duba mini a waya. Wata 'yar Japan ce ta tsara kayan, Eiko Ishioka, wadda ta tsara tufafin bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Ta rasu a watan Janairun 2012, wata biyu kafin fim ɗin ya fito, tana da shekara 73. Bayan rasuwarta aka saka ta cikin 'yan takarar Oska, babbar kyautar fim ta Amurka, saboda wannan aikin, ba ita ta ci ba. Na yi shiru da na ji haka. Mun taɓa yin wani maigida a layinmu da ya bar babbar riga a kan keke, allura na cikin yadi, aka kai shi asibiti bai dawo ba. Mu muka ƙarasa ta, mai ita ya sa ta ranar ɗaurin aurensa.

To wannan nawa ke nan. Yara kuwa abin da ya kai su ƙasa daban ne.

Wadanni bakwai da suka ba yarinyar mafaka a daji, a nan ba ma'aikatan haƙar ma'adinai ba ne kamar a tsohon labarin, 'yan fashi ne. Suna ɗaura wasu dogayen ƙafafun aro masu lanƙwashewa kamar zuga-zugin maƙeri, su rufe fuska, su dira a kan matafiya kamar ƙattai. Haka suka tare Yarima da baransa a daji, suka tuɓe su, suka rataye su a bishiya kai a ƙasa. Ɗana na uku, mai shekara bakwai, ya yi dariya har ya shaƙe, sai da aka bubbuga masa baya. Daga nan duk inda aka faɗi, ko aka gwara kai, ko aka zabga wa wani mari, falon sai ya kaure. Na lura da wani abu. Barkwancin fim ɗin iri biyu ne. Akwai na baki, wanda kusan duk na sarauniyar ne, habaici da gatse da baƙar magana cikin murmushi. Wannan ƙanina kaɗai ke ƙyaƙyatawa, in ya fassara mana kuma sai ka ji ya yi lami kamar tuwon da ya kwana babu miya. Akwai kuma na jiki, wanda ba ya neman tafinta. Mutum ya zame ya faɗi da baya, Bature ne ko Bakatsine, faɗuwa ɗaya ce. Shi ya sa marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi kasuwa har wajen waɗanda ba su jin Hausa sosai. Abin da 'yan fim ɗinmu ke kira camama, ashe su ma suna da tasu, sai dai tasu an kashe mata dala miliyan 85.

Maiɗakina ba ta cika dariya a fim ba, amma akwai inda ta kasa riƙewa. Sarauniyar ta talauce, baitulmali ya bushe, tana neman auren Yarima don dukiyarsa, sai aka shiga yi mata gyaran jiki. Aka shafe mata fuska da kashin tsuntsu, aka sa ƙudan zuma ya harbe ta a leɓe don ya cika, sannan aka zo matse ta cikin ɗamara mai igiya, ana ja tana nishi. Maiɗakina ta kama ciki, hawaye na zuba, ta ce, "Wallahi Malam ba su yi ƙarya ba. Ka je gidan masu dilka da halawa ana saura kwana uku biki ka ji ihu." Hajiya daga bakin ƙofa ta ce a zamaninsu lalle ne kawai da turare, kuma ba a fasa auren ba.

Sai aka zo wurin kare.

Sarauniyar ta ba Yarima maganin mallaka, aka yi kuskuren kwalba. Ƙanina ya yi mana bayani cewa a Turanci soyayyar ƙuruciya ana laƙaba mata sunan ɗan kwikwiyo, to shi ne maganin ya kama shi a zahiri. Ƙato guda, mai tsawo kamar ƙofar zaure, ya koma yana zazzaro harshe yana haki, a jefa abu ya ruga ya ɗauko, ya haye kan sarauniya yana lasar fuskarta. Yara suka zube. 'Yar autarmu ta sauka ƙasa da rarrafe tana haushi. Hajiya ta ajiye carbi ta juyo gaba ɗaya, karo na farko ke nan, ta ce, "A'uzubillahi. Ɗan sarki ne wannan?" Aka ce mata asiri aka yi masa. Ta ce, "To ai shi ne. Wanda aka yi wa asiri abin tausayi ne, ba abin dariya ba. Ku da ba ku taɓa gani ba." Babban ɗana ya ce, "Hajiya, wasa ne fa." Ta ce, "Angona, rufe mini baki, kai ma haka kishiyoyina za su mai da kai in ba ka yi hankali ba." Aka sake tuntsirewa, har da ita.

A nan ne kuma maiɗakina ta tuna wa ƙanina alkawarinsa. Sau biyu ana tuɓe Yariman nan a kai shi gaban sarauniya ƙirji a waje, ita kuma tana ƙare masa kallo tana maganganu. Akwai inda yake wasan takobi da Mai Gira yana ɗirka mata faɗin takobin a mazaunai. Ga sumba a gaba, don a nan yarinyar ce ke karya asirin da ke jikin Yarima, bayan wadannin sun gwada mari da naushi duk bai yi ba. Ta ce, "Kai da ka ce babu inda za a rufe ido?" Ya ce, "Anti, wallahi a can ajin da suka sa shi na yara ne, an dai ce iyaye su zauna kusa." Ta ce to ga shi ta zauna kusa, a miƙo mata rimot. Ita ta riƙe shi har aka gama, kuma ta iya aikinta: ta san daidai lokacin da fuska biyu suka fara matsowa. Ni a ganina abin bai kai yadda ta ɗauke shi ba, mun ga waɗanda suka fi haka a finafinan da ake kunnawa a shagon aski da rana tsaka. Amma na iyali a wurinsu da na iyali a wurinmu awo biyu ne, kuma wanda zai kunna wa yaransa gara ya san da haka tun kafin ya zauna.

Babbar gardamar dai ba a kan wannan aka yi ta ba. Sai da aka gama, aka kunna fitila, na tambayi Hajiya cikin tsokana ko iskar ta yi daɗi. Ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce." Na ce me ya rage mata? Ga marainiya, ga kishiyar uwa, ga daji, ga dodo, ga ɗan sarki. Ta ce, "Wa ya ji tsoron matar nan a cikinku?"

Ba wanda ya amsa. Ta nuna 'yar auta ta ce, "Kishiyata ko sau ɗaya ba ta ɓoye fuska a cinyar uwarta ba. Mu da ake yi mana tatsuniyar 'yar bora, in aka zo inda mowa ta kore ta, ba ka iya fita fitsari kai kaɗai a daren. Ita wannan tun da ta fito take ba ku dariya. Wanda ya ba ka dariya ai kun shirya."

Na so in yi mata musu, don ni sarauniyar ce ta fi burge ni a fim ɗin. Amma da na kwanta na yi ta juya maganar. Gaskiya ne fim ɗin da bakin sarauniya aka buɗe shi, ita ke ba da labarin, har tana cewa nata ne ba na yarinyar ba. Duk muguntar da ta yi, sai an biyo ta da abin dariya a wanke. Ta sa a kai yarinya daji a kashe, amma wanda aka aika matsoracin bafade ne mai ɓarin jiki, da ka gan shi ka san ko kaza ba zai iya yankawa ba. Da ta gane ya yaudare ta, hukuncinsa shi ne aka mai da shi kyankyaso, yara suka yi ta tafi. Ko dodon dajin, daga ƙarshe ashe uban yarinyar ne aka sihirce, ana tsinke sarƙar wuyansa ya dawo mutum. Wuri ɗaya na ji tsigar jikina ta ɗan tashi, inda sarauniyar ke ratsa madubi ta ɓullo a wata bukka a tsakiyar ruwa, ta tarar da mai kamarta zaune cikin fararen kaya, fuska ba walwala, tana gargaɗinta cewa sihiri yana da farashi. Da kuma inda aka aiko wasu manyan 'yartsana na katako masu igiya su farfasa gidan wadannin. Waɗannan biyun sun nuna daraktan ya san hanyar tsoro, ya dai ƙi bin ta ne.

Washegari da safe ƙanina ya karanta wa Hajiya yadda Jamusawan suka rubuta ƙarshen labarin tun asali. A can, huhu da hantar yarinyar sarauniyar ta ce a kawo mata, aka dafa da gishiri ta ci, tana zaton nata ne. Ranar biki kuma aka gasa takalman ƙarfe a wuta, aka sa ta saka, ta yi ta rawa har ta faɗi matacciya. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Yawwa. Wannan ita ce tatsuniya." Da ya ƙara mata da cewa a bugun farko uwar yarinyar ce ta cikinta, sai a 1819 suka mai da ita kishiyar uwa, ta ce gara da suka gyara, uwa ba ta yin haka. Maiɗakina, wadda a hannun kishiyar uwa ta tashi kuma har gobe ba ta da kamarta, ta ce ba kowace kishiyar uwa ke yi ba ita ma. Aka bar maganar a nan, aka ci gaba da shan koko.

A fim ɗin kuwa, ƙarshen sarauniya tsufa ne. Sihirin ya karye, ta yamutse, ta lallaɓo wurin biki da tuffa mai guba. Mai Gira ta gane ta, ta yanko ɓari ta miƙa mata, ta ce babba shi ke fara ci. Hajiya ta ce aƙalla yarinyar tana da tarbiyya. Ban tabbata ta gane gatse ne ba, ban kuma tabbata ba ta gane ba.

Saura waƙa, wadda ita ce ta raba ni da maiɗakina.

Fim ɗin minti 106 ne. Kiɗa na tashi a ƙarƙashinsa tun daga farko, kuma wanda ya tsara shi, Alan Menken, shi ne mai waƙoƙin manyan finafinan zane na Disney, kyautar Oska takwas gare shi. Da jin haka ka ɗauka za a yi ta rerawa. Ina! Ba wanda ya buɗe baki da waƙa har aka ɗaura aure. Sai da aka fara jero sunaye, har na miƙe zan kashe, kwatsam kiɗa ya canza, amarya ta ɗaga hannuwa ta fara juyi, fadawa da wadanni suka jeru a bayanta sahu-sahu, ana kaɗa kafaɗa ana tafi. Rawar Indiya sak. Maiɗakina ta ce, "Lah! Ashe sun iya!" Yaran duk suka miƙe. Sau uku aka maimaita wurin.

Ba abin mamaki ba ne in ka san wanda ya yi fim ɗin. Tarsem Singh Ba'indiye ne, haifaffen Punjab, a Amurka ya yi suna da tallace-tallace da bidiyon waƙoƙi kafin ya shiga fim. Yarinyar kuma da muryarta ta rera, 'yar mawaƙin nan ce na Ingila, Phil Collins. A can Amurka wannan rawa ta raba masu kallo: wasu suka ce ita ce abu mafi daɗi a fim ɗin, wasu suka rasa me ya kawo ta cikin labarin Jamusawa. A falonmu ba wanda ya tambayi me ya kawo ta. Mu da aka raina da finafinan Indiya, muka kuma ga namu na Hausa sun ɗauki salon, tambayarmu ita ce me ya sa ta makara. Maiɗakina lissafi ta yi mini da yatsu: inda suka fara haɗuwa a daji, waƙa ɗaya. Liyafa, waƙa. Inda aka kore ta tana gudu cikin ƙanƙara, waƙar kuka. Inda wadanni ke koya mata faɗa, waƙa. A ƙidayarta an cuce mu guda huɗu.

Ni ban yarda da ita ba, kuma ba don ina cikin masu cewa a cire waƙa daga fim ba ne. Damuwata ita ce waƙar ba ta yi aikin komai ba. Ku tuna 'yar borar nan da aka aika wanki Ruwan Bagaja. Duk kogin da ta tarar sai ta tsaya ta yi masa waƙa tana tambaya ko shi ne, kogin ya amsa mata, sannan ta wuce. Cire waƙar, yarinya ba ta da hanyar zuwa. Haka tatsuniyoyinmu suke, waƙa ce ke buɗe ƙofa, ita ke tona asiri, ita tsuntsu ke yi a kan bishiya har sarki ya gane abin da aka binne. A ɗinki muna da aikin da ke riƙe riga, muna da wanda ake liƙawa a sama bayan an gama don ido. Wannan rawa liƙi ce. Kyakkyawa ce, ban musa ba, amma in ka ɓanɓare ta rigar ba za ta san an cire komai ba. Maiɗakina ta ce ni dai na cika fiɗa, ita ta ji daɗinta, kuma da ita ake tashi daga kallo ana murmushi maimakon a tashi ana hamma. Ta ce ko a gidan biki ai sai an gama ɗaurin aure ake kiran makaɗa. Wannan ta ba ni amsa, ban samu abin cewa ba sai bayan kwana biyu, lokacin kuma an wuce wurin.

Ƙanina shi fim ɗin siyasa ya kalla. Abin da ya riƙe shi ne inda sarauniya ta ƙara wa talakawa haraji ana tsakiyar yunwa da sanyi, aka ce musu kuɗin kare su daga dodo ne, alhali biki za a yi da su, dodon kuma nata ne. Ya yi ta nanata wannan yana kallona, kamar ni na aza harajin. Ya kuma kawo wata magana da ban sani ba. A shekarar nan ta 2012 an yi wani fim ɗin a kan labarin nan dai, Snow White and the Huntsman, mai duhu da yaƙi, ba dariya. A wancan, manyan 'yan wasa masu cikakken tsawo aka ɗauka aka rage su da kwamfuta suka fito a wadanni, har ƙungiyar masu wannan halitta a Amurka ta yi ƙorafi an hana mutanenta aiki. A namu kuwa wadanni ne na gaske su bakwai, kowa da sunansa da halinsa, kuma labarin ya ce sarauniya ce ta kore su daga gari don ba ta son ganinsu, shi ya sa suka shiga fashi. Na ji daɗin wannan. Ina da abokin ciniki mai irin halittar, shekara da shekaru ni ke yi masa ɗinki, kuma na san yadda yara ke binsa a layi. Na lura a fim ɗin yawanci su ke yi wa dogaye dariya, su ke tuɓe su. Ban ce babu inda aka yi wasa da tsawonsu ba, akwai, amma ɗana mai shekara bakwai da aka tambaye shi wa yake so ya zama, ba Yarima ya ce ba, cewa ya yi mai fatar kerkeci a kafaɗa.

Masu sharhin finafinai a can ma kusan biyu suka rabu daidai, rabi sun yaba, rabi sun kushe, kuma ko masu kushewar sun sara wa tufafin. A kasuwa ya tara wajen dala miliyan 180 a duniya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wancan mai duhun ya kusa miliyan 400. Da na gaya wa Hajiya haka ta ce, "Ka gani ko? Mutane tsoro suke saye."

Ranar da za ta koma ƙauye, da daddare aka ɗauke wuta, ta tara jikokin a tsakar gida ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ina daga ɗaki ina jin su. Ta 'yar bora ta yi musu, da muryar mowa da ta kogi da komai. Ba a kai rabi ba 'yar auta ta shigo da gudu ta haye bayana ta ƙanƙame. Da aka ce ƙurunƙus, mai shekara bakwai ya ƙi zuwa banɗaki sai da yayansa ya raka shi da tocila. Hajiya ta leƙo ta taga ta kalle ni, ba ta ce komai ba. Da gari ya waye kuma, tun kafin a karya, su huɗun suka zo suna roƙon a saka musu wurin kare.

Babbar 'yata, mai shekara goma, ita ba ta shiga gardamar kowa ba. Jiya ta same ni a shago bayan an tashi daga islamiyya, ta ajiye mini takarda a kan keke. Rigar ƙarshe ta zana, wadda Mai Gira ta yi rawa da ita: shuɗiya, da wani ƙaton ɗauri ruwan lemo a baya wanda ya fi faɗin kafaɗunta. Ta ce ta babbar sallah. Uwarta ta riga ta sa sharaɗi, a ɗaga wuyan, a sauke hannun har wuyan hannu. Na auna ta, na rubuta yadi shida na shuɗin da biyu na ruwan lemon. Ɗaurin ne ban san yadda zan tsayar da shi ba tukuna. Na gwada da ragowar shadda da sitati, ya kwanta. Gobe zan je wajen mai gyaran laima in ga ko zai sayar mini da ƙarafunan tsohuwa guda ɗaya.